Babi Na Shida: Allurar Sin Da Alamomin Farko Na Ciwo A Yola Da Jimeta

Akufanca, wato hanyar jinyar nan ta ƙasar Sin da ake soka siraran allurai a wasu zaɓaɓɓun gurabe na jiki, ba ta cikin sana'o'in warkarwa da suka yi saiwa a Yola da Jimeta, domin mai nemanta ya fi samun masu yin ta a Abuja da Legas, sai dai labarinta ya riga ta isowa ta wayoyin hannu da bakin 'yan tallar magunguna. Abin da ya fi jan hankalin mai sauraro a cikin labarin shi ne da'awar cewa allurar tana tarar ciwo tun yana ƙarami, ma'ana idan mutum ya fara jin ciwon kai ko kasala ko rashin barci ko nauyin ƙeya, ana iya kwantar da abin kafin ya rikiɗe ya zama hawan jini ko ciwon sukari ko shanyewar ɓarin jiki. Wannan da'awa ta cancanci a zauna a auna ta, saboda akwai ƙamshin gaskiya a wani sashe nata, akwai kuma haɗari babba a wani sashen, musamman a wurin da masu ciwo da yawa kan fara da kantin kemis ko mai maganin gargajiya, asibiti kuwa sai abin ya ci tura.

Allurar da tunanin da ke bayanta

Allurar da ake amfani da ita a yau da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin ta, kaurinta bai wuce kimanin rubu'in milimita ba, kuma ba ta da rami a tsakiya kamar allurar asibiti, saboda haka babu wani ruwan magani da ke bi ta cikinta ya shiga jiki. Takan zo a rufe cikin leda, sau da yawa tare da ɗan bututun roba da ya ɗan gaza ta tsawo. Mai jinya yakan goge fata, ya kafa bututun a kan gurbin da ya zaɓa, ya ƙwanƙwasa kan allurar da yatsa har tsininta ya huda fata, sannan ya zare bututun ya ƙara tura ta kaɗan yana murza ta tsakanin babban yatsa da manuniya. Majiyyacin yakan ji wani nauyi ko tsami ko ɗan yar-yar a wurin, kuma masu sana'ar suna ɗaukar wannan jin a matsayin shaidar cewa allurar ta kama. Akan bar allurai biyar ko goma ko fiye a jiki na minti 20 zuwa 30, a cire, a sake zama bayan 'yan kwanaki. Akwai kuma abokiyar tafiyarta, wato ƙona busasshen ganyen wata ciyawa dangin tazargade kusa da fata domin a ɗumama gurbin.

Tsohon bayanin Sinawa shi ne cewa akwai wani ƙarfin rai da suke kira chi, wanda ke gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12 da ke haɗe da kayan ciki irin su hanta da huhu da ƙoda, da wasu biyu da ke bi ta tsakiyar gaba da tsakiyar baya, kuma ciwo yana zuwa ne idan gudanar ta toshe ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan. A kan waɗannan hanyoyi ne gurabe 361 suke, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a wani kundi na 2008. Masu ilimin sassan jiki sun feɗe gawa sun duba da madubin likita ba su ga waɗannan hanyoyi ba, kuma babu na'urar da ta taɓa auna chi. Abin da aka iya aunawa shi ne cewa sukar allura tana motsa jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kuma tun shekarun 1970 bincike irin na Han Jisheng a Beijing da Bruce Pomeranz a Kanada ya nuna tana sa jiki ya saki wasu sinadarai nasa na kansa masu rage raɗaɗi, waɗanda ake kira endofin. Wannan bayani na biyu ba ya buƙatar mutum, Musulmi ko Kirista, ya yarda da falsafar da ta haifi sana'ar, kuma shi ne ya fi nuna iyakar abin da allurar za ta iya, wato taɓa yadda jiki ke jin ciwo.

Batun tarar ciwo tun bai kankama ba yana da asali a tsohon littafin likitancin Sin mai suna Huangdi Neijing, wanda aka tattara kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, inda aka fifita likitan da ke hana ciwo aukuwa a kan wanda ke jira sai ya auku. 'Yan talla suna son wannan magana ƙwarai, amma ba su cika faɗin cewa wurin da littafin ya kawo ta yana bayani ne a kan lokacin kwanciya da na tashi da yadda mutum zai daidaita rayuwarsa da sanyi da zafi na shekara ba. Sana'ar kanta ta sha hawa da sauka a ƙasar da ta haife ta. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla masu ramuka a kowane gurbi domin koyar da ɗalibai, amma a 1822 Sarki Daoguang ya fitar da ita daga makarantar likitancin fada, sai a shekarun 1950 gwamnatin Mao Zedong ta farfaɗo da ita, lokacin da likitocin zamani suka yi wa jama'ar karkara kaɗan. Tawagar likitocin Sin ta farko da ta zo Afirka ta sauka Aljeriya a 1963, Amurkawa kuma suka waye da sana'ar a 1971, bayan da ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya ba da labarin yadda aka rage masa ciwon ciki da allurai bayan an yi masa tiyatar afendis a Beijing. Tiyatar kanta da maganin kashe zafi na asibiti aka yi ta, ko da yake labarin ya bazu a baibai.

Ƙasar da allurar za ta tarar

Mutumin Yola ba baƙo ba ne ga tunanin cewa ana warkar da ciki ta hanyar taɓa fata. Wanzami, da zabirarsa a rataye, ya daɗe yana wannan aiki a cikin Hausawa da Fulani da sauran al'ummun da suka cakuɗu a bakin Binuwai. Idan magidanci ya ji jikinsa ya yi nauyi ko ƙeyarsa ta riƙe, yakan zauna a inuwa ya tuɓe riga, wanzamin ya kafa ƙaho a bayansa ya zuƙe iskar da baki ta ɗan ramin da ke tsinin ƙahon ya toshe, har fatar ta tasa, sannan ya cire ya yi 'yan tsage-tsage da aska ya mayar da ƙahon, jini mai duhu ya taru a ciki ya daskare, a zubar da shi a ƙasa ana nuna wa mai jikin mataccen jinin da ya hana shi sakewa. Duhun jinin ba shaidar mutuwarsa ba ce, haka jinin da ya fito daga ƙananan jijiyoyi yake idan ya tsaya, amma sauƙin da mutumin ke cewa ya ji ba ƙarya yake yi ba. Haka nan akwai ɓalli-ɓalli, wato ƙananan tsage da ake yi a wurin da ke ciwo ko kumburi, da sakiya, wato huda kumburi da ƙarfe mai zafi domin ruwa ya fita, da lalas, wato ɗana ƙarfe mai zafi a fata. A 'yan shekarun nan kuma ƙaho ya sake sabon salo da sunan hijama, ana yin sa a shaguna da kofunan roba da ɗan famfon zuƙe iska, kuma kasancewarsa abin da ya zo a sunna ya ƙara masa daraja a wurin Musulmi.

A ɗaya gefen kuma akwai tsohon imanin da jama'a suka yi da allurar asibiti, har mai zazzabi kan ga ba a yi masa aiki ba idan ƙwayoyi kaɗai aka ba shi. Sana'ar da ta haɗa allura da taɓa fata da sunan ƙasar Sin ba za ta sha wahalar samun karɓuwa a Jambutu ko Doubeli ko Wuro Hausa ba, kuma wannan sauƙin karɓuwa shi ne dalilin da ya sa ya kamata a san abin da take iyawa tun kafin shagunanta su yawaita.

Abin da gwaji ya nuna

Hanyar da masu bincike suka bi wajen gwada akufanca ita ce su raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wasu allurar gaske a guraben da littafi ya faɗa, a yi wa wasu ta bogi, wato a soka sama-sama a wuraren da ba gurabe ba ko a yi amfani da allurar da ba ta huda fata, wasu kuma a bar su a kan jinyar da aka saba. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen shi ne wanda aka yi a Jamus a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka buga sakamakonsa a 2007. Bayan wata shida, kashi 47.6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun samu sauƙi, kashi 44.2 na waɗanda aka yi wa ta bogi su ma sun samu, alhali a cikin waɗanda aka bari a kan magunguna da motsa jiki kashi 27.4 ne kawai. Kowane ɓangare ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi a wannan sakamako: magoya baya suka ce allura ta kusa ninka jinyar asibiti, masu suka kuma suka ce tunda ta bogi ta kusa kamo ta gaske, to zanen hanyoyi da gurabe ba shi ne ke aikin ba. Dukansu suna da hujja, kuma asusun inshorar lafiya na Jamus ya amince da biyan kuɗinta ga masu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa.

Daga baya Andrew Vickers da abokan aikinsa sun tattara bayanan gwaje-gwaje 29 a 2012, suka faɗaɗa zuwa 39 masu ɗauke da mutum fiye da 20,000 a 2018, suka ga cewa a ciwon baya da wuya da kafaɗa da amosanin gaɓɓai da daɗaɗɗen ciwon kai, allurar gaske ta fi ta bogi da ɗan kaɗan, ta kuma fi rashin allura da rata mai ɗan dama. Hukumomin lafiya ba su yi baki ɗaya ba a kan yadda za a fassara wannan, domin hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a 2016 kada a yi ta ga masu ciwon baya, amma a 2021 ta amince a gwada ta ga masu daɗaɗɗen ciwon jiki wanda ba a gano wata cuta a ƙarƙashinsa ba, yayin da shirin inshorar lafiya na Medicare na Amurka ya fara biyan kuɗinta ga masu ciwon baya a 2020. Akwai kuma hujja mai kyau cewa motsa wani gurbi da ke cikin hannu, kimanin faɗin yatsu uku sama da wuyan hannu a tsakanin jijiyoyi biyu, yana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata. Abin lura a duk wannan jeri shi ne cewa kowane abu da ke cikinsa abu ne da majiyyaci ke ji ya faɗa, babu wanda ake aunawa a jini ko a hoto.

Alamar da ta yi shiru da cutar da ta ci gaba

A nan ne maganar alamomin farko ke samun tangarɗa, domin amfanin alama shi ne ta kai mai ita wurin awo, kuma duk abin da ya kwantar da ita ba tare da an san mafarinta ba ya raba mutum da ɗan lokacin da yake da shi. Hawan jini ya fi kowace cuta nuna haka. Kimanin mutum uku cikin kowane goma na manyan Nijeriya suna ɗauke da shi, kuma a duniya baki ɗaya kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba, saboda yawanci ba ya zuwa da wata alama ko kaɗan har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ido ko ƙwaƙwalwa. Jama'a kan danganta shi da ciwon kai da jiri da yawan tunani, amma mutum na iya kwana da awon da ya haura 180 yana jin garau, wani kuma ya yini da ciwon kai alhali awonsa lafiya lau. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, ciwon kai na iya zama na ƙishirwa kawai, musamman ga mai azumi ko mai aiki a rana, kuma yana iya zama na maleriya ko na ido ko na hawan jini, babu mai iya rarrabewa ta hanyar taɓa jijiyar hannu ko duba harshe kamar yadda tsohon likitancin Sin ke yi. Abin da ke nuna hawan jini shi ne na'urar da ake ɗaurawa a damtse, wadda ake samu a asibitocin sha-ka-tafi da manyan kantunan magani, kuma idan awo ya maimaita 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, to cutar ta tabbata.

An gwada allurar a kan hawan jini kai tsaye. Wani gwaji da aka yi a Boston aka buga a 2006 bai ga bambanci tsakanin ta gaske da ta bogi ba, wani kuma na Jamus a 2007 ya ga awon ya sauka kaɗan a makonnin da ake jinyar, ya koma inda yake bayan an daina, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci ta yi a 2018 ba ta samu hujjar cewa tana sauke jini na dindindin ba. Saboda haka mai hawan jinin da ya ajiye ƙwayoyinsa domin ya ji ƙeyarsa ta saki bayan zaman allura, ko bayan ƙaho, bai rage komai ba daga haɗarin da ke kansa. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin minti kaɗan, to gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, kuma wurinsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda mutanen gari suka fi sani da tsohon sunansa na FMC, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta, a ranar kuma a sa'ar. Haka mace mai ciki da ta wayi gari da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da dishi-dishin gani, domin waɗannan su ne ke gabatar jijjiga, wato farfaɗiyar masu ciki da hawan jini ke jawowa, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya.

Ciwon sukari ya fi hawan jini yin magana, domin yakan zo da yawan fitsari da ƙishirwa da rama da gyambon da ya ƙi warkewa da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, amma shi ma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ne ke tabbatar da shi, inda awon safe kafin karin kumallo da ya kai 126 ya maimaita ke nuna cutar. Abin sha'awa shi ne cewa hujja mafi ƙarfi a kan tarar wannan cuta tun da wuri daga ƙasar Sin ta fito, kuma babu allura a cikinta. A 1986 aka fara wani bincike a birnin Daqing a kan mutum 577 waɗanda sukarinsu ya fara hawa bai kai matsayin cuta ba, aka sa wasu gyara abinci, wasu motsa jiki, wasu duka biyun, kuma bayan shekara shida yawan waɗanda suka kamu ya ragu da kashi 31 zuwa 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka bari. A 2021 kuma wani gwaji a ƙauyuka 600 na Sin ya nuna cewa musanya gishirin girki da wanda aka rage wa sinadarin sodiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 14. Ga gidan da ke zuba gishiri da dunƙulen magi da kanwa a tukunya ɗaya, wannan labari ya fi na allura kusa da murhu. Maganin maleriya ma da ake sha a Yola yau, mai sinadarin atemisinin, daga wata ciyawar tsohon likitancin Sin wata mai bincike mai suna Tu Youyou ta tato shi, abin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma ya samu wannan matsayi ne domin an gwada shi an ga ƙwayar cutar ta ɓace daga jini.

Zazzabi kuwa ba shi da wata alaƙa da allurar ko ta wane hali. A wannan yanki zazzabi da ciwon kai na iya zama maleriya, wadda gwajin minti 15 zuwa 20 ke nunawa, suna iya zama sanƙarau idan wuya ya sandare a lokacin zafi, cutar da ta kashe fiye da mutum 11,000 a arewacin Nijeriya a 1996, suna kuma iya zama zazzabin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, dab da iyakar Adamawa, kuma wanda huda fatar mai shi haɗari ne ga mai hudawar. Tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare na buƙatar gwajin majina na tarin fuka, wanda shi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tabon fata mai haske wanda ba ya jin taɓi alamar kuturta ce ta farko, kuma asibitin Garkida da 'yan mishan suka buɗe a 1929 ya daɗe yana koya wa mutanen Adamawa cewa wanda ya zo a wannan mataki yakan warke da yatsunsa cif.

Inda take da wurin zama

Bayan an tsame waɗannan duka, abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Direban Keke Napep da ke yini a zaune tsakanin Jimeta da cikin garin Yola, da manomin rani da ke sunkuye a fadamar Geriyo, da tela da ɗan dako a babbar kasuwar Jimeta, da tsohuwar da gwiwa ta hana ta durƙuson salla ko hawa matakalar coci, mafi yawansu ciwon tsoka da gaɓɓai ne ke damunsu, kuma abin da suke samu a kemis shi ne diklofenak ko ibufurofen, ko haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla musu a leda ba suna, wasu kuma su zarce zuwa taramol. Diklofenak da danginsa, idan aka daɗe ana sha, suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ko ya zubar da jini, suna raunana ƙoda, balle a jikin da zafi ya ƙafe masa ruwa, suna kuma ɗaga awon jini, taramol kuwa kama mutum yake ya kasa rabuwa da shi. Ga irin wannan majiyyaci, idan likita ya duba ya tabbatar babu karaya ko tarin fuka na ƙashin baya ko ciwon daji ko ciwon ƙoda, jinyar da za ta rage raɗaɗi ko da kaɗan ne ba tare da ta taɓa ciki da ƙoda ba tana da daraja, ko da wani kaso na aikinta daga natsuwa da kulawa da sa rai yake fitowa. Ciwon bayan da ya zo da rama ko zazzabi ko mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari ba ya cikin wannan rukuni. Ƙa'idar Ingila ta yi maganar zaman allura har goma cikin mako biyar zuwa takwas ga mai daɗaɗɗen ciwon kai, kuma wannan ma'auni ne mai amfani ga aljihu, domin wanda bai ga canji a wannan tsakani ba babu dalilin ya ci gaba da biya.

Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne tsabtar allurar. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ke iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har mako guda, kuma a 1984 a jihar Rhode Island ta Amurka mutum 35 suka kamu da ita daga wurin mai akufanca ɗaya da ke maimaita allurai. Goge allura da sifirit ko jiƙa ta a ruwan zafi ba ya wadatarwa, dole a farke ledarta a gaban majiyyaci, a jefa ta a akwatin ƙarafa masu tsini bayan an zare, kuma wannan hukunci ya hau kan askar wanzami da rezar mai hijama daidai wa daida. Haɗari na biyu shi ne zurfi, domin allurar da aka tura da yawa a ƙirji ko saman kafaɗa tana iya huda rigar huhu iska ta shiga ta danne shi, abin da ke bayyana da sukar ƙirji da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan zaman. Mai shan maganin tsinka jini, da mai ciki, da mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta daina ji, duk suna buƙatar likitansu ya sani kafin a taɓa su.

A dokar Nijeriya, gyaran da aka yi wa dokar likitoci a 1992 ya ɗora wa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa alhakin sa ido a kan masu jinya ta hanyoyin da ba na asibiti ba, irin su akufanca, don haka majiyyaci yana da damar tambayar takardar rajista da wurin da aka yi karatu. Masu gashin ƙashi, wato ƙwararrun da ke farfaɗo da gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki da tausa da ɗumi, suna da tasu hukumar rajista, wasunsu kuma sun ƙaro horo a kan sukar allura, kuma da yake sun karanci sassan jiki sun san inda huhu ya tsaya, sashensu na asibiti shi ne wurin da sana'ar za ta fi zama lafiya idan ta kafu a Adamawa, kusa da fayil ɗin majiyyaci da na'urar awon jini. Akasin wannan su ne masu yawo da wata 'yar na'ura a jaka, suna ba mutum ya riƙe wani ƙarfe na minti ɗaya, kwamfuta ta fitar da dogon jerin cututtukan hanta da ƙoda da mahaifa da wai suna tafe, sannan a ciro kwalaben da za su tare su a faɗi farashi. Na'urar ba ta auna komai daga abin da take lissafawa, takardar da take bugawa kuma ba ta da wata ƙima a ɗakin likita, kuma kuɗin kwalba ɗaya daga cikinsu yakan isa a yi awon jini da na sukari da na hanta a ɗakin gwaji mai rajista.